Littafin Lambu: Yadda Za Ka Riƙa Rubuta Yafi, Dashe Da Ɗiba

Idan ka zauna da masu lambu a bakin fadama bayan la'asar, a farkon shigowar sanyi, da wuya ka tashi ba ka ji irin wannan gardama ba. Wani zai ce tumatirinsa ya yi kyau bara ne don ya yi yafi da wuri. Ƙaninsa, wanda tare suka yi aikin, ya ce: "A'a Yaya, ai sai da aka gama yankan shinkafa muka yi." Na uku ya ce ba lokaci ba ne, iri ne. In aka tambayi sunan irin, sai a ce, "wanda dai muka sayo a kasuwa, mai jan gwangwani." A cikinsu babu maƙaryaci. Ɗan Adam ne ajizi, kuma wata goma sha biyu sun isa su shafe ranar da aka yi aiki daga kan kowa.

Abin da ke sa wannan mantuwa ta yi tsada shi ne, lambu sau ɗaya yake ba ka darasi a shekara. Tela in ya ɓata ɗinki yau, gobe zai gyara hannunsa. Mai lambu kuwa in ya yi kuskuren lokacin dashe, sai baɗi zai sami damar gyarawa, in ma ya tuna inda kuskuren yake. Littafin lambu shi ne ke riƙe maka darasin har baɗin ta zo. Wannan jagora ta shafi mai kadada a Kadawa, da mai albasa a Aliero ko Galmi, da uwargida mai komi huɗu na alayyafo a bayan ɗaki. Girman littafin ne kawai zai bambanta.

Kayan da kake bukata

Nemi littafin rubutu mai bango mai kauri, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Littafin 'yan makaranta mai laushin bango ba ya kai wata biyu a lambu, laima da taɓo za su cinye shi. Ka haɗa da fensir, domin tawadar biro takan baje in ruwa ya taɓa ta, rubutun fensir kuwa yana nan. Ɗaure fensirin da zare a jikin littafin, ka sa su cikin leda mai kauri. Ka kuma tanadi 'yan sanduna ko gutsattsarin tsohuwar jarka da za ka rubuta lamba a kai ka kafa a komaye.

Rubuta da abin da hannunka ya saba. In boko ne, to. In ajami ne, ya wadatar, lambu ba ruwansa da irin baƙin da aka yi amfani da shi. Waya tana da amfani wajen ɗaukar hoto, musamman hoton cuta a ganye da hoton takardar jikin iri, amma kada ta zama ita kaɗai ce ma'ajiyarka. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, caji yana ƙarewa a daidai lokacin da kake nema.

Shafin farko: zanen lambu

Kafin ka rubuta komai, zana lambunka a shafi biyun farko. Ba sai ya yi kyau ba. Nuna gabas, nuna inda rijiya ko injin ban ruwa yake, da hanyar da ruwa ke bi, da bishiyar da ke yin inuwa, da inda ƙasa ke riƙe ruwa da inda take da yashi. Sa'an nan ka raba lambun kashi-kashi, ka ba kowane kashi suna ko lamba: Gabas 1, Gabas 2, Bakin Rijiya, Gindin Mangwaro. Auna tsawo da faɗin kowane kashi, ko da taku ne, ka rubuta. In da taku ka auna, to ya zama takunka ne kullum.

Lambobin nan su ne ƙashin bayan littafin. "Na zuba taki a tumatir" magana ce da ba za ta amfane ka baɗi ba. "Na zuba taki a Gabas 2" kuwa za ta amfane ka ko bayan shekara biyar, domin tumatir zai tashi, Gabas 2 tana nan. Saboda haka kada ka sauya lambobin daga shekara zuwa shekara.

Kwanan wata iri biyu

A kan kowane rubutu, fara da kwanan wata, kuma ka fara da na boko. Dalili shi ne sanyi da zafi da damina suna bin lissafin rana ne. Watannin Musulunci kuwa kowace shekara suna matsowa baya da kusan kwana 11. A Nijeriya an ɗauki azumin 2024 ranar 11 ga Maris, na 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Wanda ya riƙe a ransa cewa "ina yafi ne a watan kaza na Musulunci," cikin shekara uku ya goce daga lokacinsa da fiye da wata guda bai sani ba.

Amma kada ka yar da lissafin wata, rubuta shi a gefe. Shi ne ke gaya maka kasuwa: lokacin da za a nemi latas da kabeji da kokwamba don buɗa baki, da lokacin da za a nemi kayan miyar Sallah. Shuka tana bin rana, kasuwa tana duban wata, mai lambu kuwa yana bukatar duka biyun.

Shafin iri da yafi

Ware wa kowane amfani shafi biyu masu fuskantar juna: tumatir nasa, albasa nata, tattasai nasa. A saman shafin hagu rubuta labarin irin. Mene ne sunansa kamar yadda yake a jikin gwangwani ko takarda, Roma VF ne ko UC82B? A ina ka saya, nawa, yaushe? Wace rana aka rubuta a jiki cewa zai daina aiki? In irin gida ne da ka cire da kanka, rubuta shekarar da ka cire shi da kashin da ya fito. Yanki gaban takardar irin ka manna a shafin, ya fi kowane bayani.

Kafin yafi, gwada irin. Ƙirga ƙwaya 20, ka shimfiɗa su a tsumma mai laima, ka naɗe, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In 18 ne, irinka lafiya lau. In 10 ne, rabi ya mutu, sai ka ninka abin da za ka yafa ko ka nemi wani. Rubuta sakamakon. Wannan gwaji ya fi zama dole ga albasa, domin irinta ba ya jure ajiya, yakan yi rauni sosai bayan shekara guda, alhali irin tumatir da aka adana a busasshen wuri mai sanyi yakan kai wasu shekaru.

Ranar yafi kuma ka rubuta abu huɗu: kwanan wata, inda ka yafa, yawan irin, da abin da ka rufe shi da shi, ciyawa ce ko buhu. Ka bar fili a ƙasa don ranar da ka ga tsiron farko da ranar da ka ɗage rufin. Abubuwan da ake shukawa kai tsaye ba tare da reno ba, irin su karas da kuɓewa da kankana, su ma haka za ka yi musu, sai dai ka ƙara da tazarar da ka bari da yawan ƙwayar da ka sa a kowane rami.

Dashe

Ranar dashe ita ce ranar da aka fi mantawa, kuma ita ce ta fi kowace muhimmanci, don daga ita ake ƙirga sauran kwanaki. Rubuta ranar, da kashin da aka dasa, da kwanakin da dashen ya yi a wurin reno, da yawan komaye ko kunyoyi, da tazara tsakanin tushe da tushe. Rubuta ko da safe aka yi ko da yamma. Bayan mako guda ka zaga ka ƙirga waɗanda ba su kama ba, ka rubuta adadinsu da ranar da ka yi ciko.

Akwai lissafin da aka saba da shi wanda za ka iya farawa da shi. Tumatir da latas sukan yi mako uku zuwa huɗu a wurin reno, kabeji huɗu zuwa biyar, tattasai da attarugu biyar zuwa shida, albasa shida zuwa takwas. Daga dashe zuwa ɗibar farko tumatir yakan ɗauki wata biyu zuwa biyu da rabi, albasa wata uku zuwa huɗu. Kuɓewa takan fara bayarwa wajen wata biyu da shuka, alayyafo kuwa cikin wata guda an fara yanka. Amma wannan lissafin kowa da kowa ne. Sanyin hunturu yana jinkirta girma, zafi yana gaggauta shi, ƙasa ma ta bambanta. Abin da kake nema shi ne lissafin lambunka kai kaɗai, kuma babu malamin gonar da zai ba ka shi in ba littafinka ba.

Ga misalin yadda shafin zai kasance:

- 20 Oktoba: yafin tumatir UC82B a Bakin Rijiya, an rufe da ciyawa.
- 26 Oktoba: tsiro ya fito, an ɗage rufi.
- 15 Nuwamba: dashe a Gabas 2 da yamma, komi 30, dashe ɗan kwana 26.
- 22 Nuwamba: tushe 40 ba su kama ba, an yi ciko.
- 16 Disamba: fure ya fara.
- 25 Janairu: ɗibar farko, kwando 2, kwana 71 da dashe.

Layi shida ke nan, amma duk wanda ya karanta ya san tarihin Gabas 2.

Ruwa, taki da feshi

Ba sai ka rubuta kowane ban ruwa ba in yana tafiya bisa tsari. Rubuta tsarin sau ɗaya, misali "duk bayan kwana huɗu," sa'an nan ka riƙa rubuta ranar da aka saɓa: inji ya lalace, ba a sako ruwa ba, an yi kwana tara ba a shayar ba. Irin wannan tsaiko ne ke bayyana daga baya a jikin 'ya'ya. Tumatirin da ya sha ƙishi sa'an nan aka cika shi da ruwa yakan tsattsage, wani kuma gindinsa ya yi baƙi. In ba a rubuta ba, sai a ɗora wa iri laifin da ba nasa ba. Mai amfani da inji ya rubuta litar man da ya sha a kowane ban ruwa.

Taki kuwa kowane zubi sai an rubuta: wane iri, nawa, a wane kashi, kwana nawa da dashe. Kada ka rubuta "takin zamani" kawai. NPK 15-15-15 daban, yuriya daban. Yuriya in ta yi yawa ga tumatir sai ya tafi ganye ya bar 'ya'ya, albasa kuma ta yi ƙaton wuya ta ƙi ajiyuwa. Takin gargajiya ma a fayyace: kashin kaji ne ko na shanu ko na awaki, ya ruɓe ko ɗanye ne, buhu nawa ko amalanke nawa.

Shafin feshi shi ne wanda ba na so ka yi wa sakaci ko kaɗan, domin a nan maganar ta wuce riba, ta taɓa lafiyar mutanen da za su ci. Rubuta sunan maganin, da ainihin sinadarin da ke cikinsa kamar yadda yake a jikin kwalba, da awon da ka zuba a tankin feshi, da abin da ka fesa dominsa. A jikin kowane maganin ƙwarai akwai adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da ɗiba. Ƙirga su nan take, ka rubuta da manyan baƙi: "Ba ɗiba a Gabas 2 sai ranar kaza." Latas da kabeji da kokwamba ɗanye ake cin su, amana ce a wuyanka.

Rubuta sinadarin yana da wani amfanin. Kamfanoni da yawa suna sayar da sinadari ɗaya da sunaye daban-daban, sai mutum ya zaci ya sauya magani alhali abu ɗaya yake ta maimaitawa, har ƙwarin su saba da shi. Manoman tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki har tumatir ya gagari talaka. Wannan tsutsa ta shahara da saurin sabawa da magani. Don haka ka rubuta ranar da ka fara ganin alamarta a ganye, da kashin da ta fara ɓulla. In shekara biyu a jere ta zo a mako ɗaya, a ta uku za ka tare ta tun kafin ta yi ƙarfi.

Ɗiba: a tsayar da ma'auni ɗaya

A nan littattafai da yawa ke lalacewa. Yau an rubuta kwando, gobe bokiti, jibi "an ɗebi da dama." Lissafin da ma'auninsa ke sauyawa ba ya taruwa. Zaɓi ma'auni ɗaya ga kowane amfani ka tsaya a kai: kwando ga tumatir, buhu ga albasa da tattasai, dami ga alayyafo. Da yake kwando ya fi kwando, ɗauki wanda kake amfani da shi ka cika shi, ka kai wurin mai sikeli sau ɗaya, ka rubuta nauyinsa a bangon littafin.

Shafin dama shi ne na ɗiba. Ja layi ka raba shi gida shida: rana, kashi, abin da aka ɗiba, abin da aka sayar da farashinsa, abin da aka ci a gida ko aka yi kyauta da sadaka, da abin da ya lalace. Gidaje biyun ƙarshe su ne ake rainawa, kuma su ne ke faɗin gaskiya. Kayan miyar da gida ya ci wata uku ba a je kasuwa ba, amfanin lambu ne, a lissafa shi. Wanda ya ruɓe kuma a rubuta dalili: tsutsa ce, rana ce ta ƙona, ko mota ce ba ta zo ba? Wanda aka yanka aka shanya ya zama kauɗa, shi ma a ba shi layinsa.

Abubuwan da ake ɗiba sau da yawa, kamar kuɓewa da ake tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, kowace ɗiba da layinta, har ta ƙarshe. Albasa kuma labarinta ba ya ƙarewa ranar cira. Rubuta buhu nawa ka zuba a ajiya da ranar, sa'an nan buhu nawa ka fitar da ranar. Bambancin da ke tsakani shi ne kuɗin da ajiya ta ci. Sai ka gwada shi da ƙarin farashin da ka samu, ka ga ko jiran ya biya.

Kuɗi da bashi

Juya littafin ta baya ka buɗe shafin kuɗi. Duk abin da ya fita a rubuta: hayar fili, huɗa, iri, taki, magani, mai, gyaran inji, 'yan ƙwadago, kwanduna, kuɗin mota, la'adar dillali. Aikin da kai da 'ya'yanka kuka yi ma ka ƙiyasta masa kuɗi, domin lambun da ba zai iya biyan guminka ba bai ci riba ba tukuna.

Bashi kuwa, na taki da ka karɓa ko na kayan da aka ɗauka sai an dawo daga kasuwa, a rubuta shi a gaban mai shi, da rana da adadi da lokacin biya. Ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Zumunci da yawa ya tsinke a kan kwando biyar da wani ya ce bakwai ne.

Ranar karatu

Duk wannan rubutu shiri ne na rana guda. Idan an tashi lambu, kafin ka sayi ƙwayar iri ɗaya ta baɗi, zauna da littafin da waɗanda kuka yi aikin tare, ka nemi amsar tambayoyi biyar.

Wane kashi ne ya fi bayarwa, in an raba abin da ya bayar da yawan komayensa? Komi 30 da suka ba da kwando 45 sun fi komi 50 da suka ba da kwando 60, ko da yake 60 ta fi 45 a ido.

Wane iri ne ya fi, ba a yawa kaɗai ba, har da jure tafiya da farashi?

Kwana nawa kowane amfani ya ɗauka daga yafi zuwa ɗibar farko? Da wannan adadi za ka riƙa ƙirgawa da baya. In latas ɗinka ya ɗauki kwana 65, kana kuma son ya riski farkon azumi, sai ka nemo ranar a kalanda ka koma baya kwana 65.

A wane mako farashi ya faɗi, a wanne ya tashi? Kowa ya san yadda tumatir ke cika kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yan Kaba a tsakiyar rani har kwando ya zama abin tausayi, sa'an nan ya yi wuya da shigowar bazara da farkon damina. Littafinka zai nuna maka ko ya kamata ka raba dashenka kashi uku, tsakaninsu mako biyu-biyu, don kada dukiyarka ta nuna a mako ɗaya. Zai kuma nuna maka iyakar jinkirin, domin dashen da furensa ya faɗa cikin tsananin zafin Maris da Afrilu yakan zubar da fure.

Me ya zauna a kowane kashi bana, me zai gaje shi? Tumatir da tattasai da attarugu da yalo da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cututtukansu na cikin ƙasa ɗaya ne. Cire tumatir ka sa tattasai ba sauyi ba ne. Bi su da albasa, ko masara, ko wake, ka bar dangin tumatir su huta daga wannan kashi shekara biyu ko uku in fili ya ba da dama. Sake zana lambun a sabon shafi, ka rubuta sunan abin da zai shiga kowane kashi.

Amsoshin nan ka tattara su a shafi ɗaya mai suna "Abin da zan sauya baɗi." Kada sauye-sauyen su wuce uku. In ka sauya iri da taki da lokaci duk a kashi ɗaya, ko an samu ko an rasa ba za ka san dalili ba. Sauya abu ɗaya a rabin kashi, ka bar ɗaya rabin yadda ka saba, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yadda littafin zai ɗore

Yawancin littattafan lambu a mako na uku suke mutuwa, kuma abin da ke kashe su shi ne "sai na koma gida." Rubuta a lambu, a ranar, kafin ka wanke hannu ka hau babur. Minti biyar sun isa. In rana ta wuce ka ba ka rubuta ba, kada ka ƙirƙiri kwanan wata. Sa "wajen ranar kaza," ka ci gaba. In kai ba ka rubutu, ɗora ɗanka ko 'yarka a kai, kana faɗa suna rubutawa. Yaron da ya riƙe littafin lambu shekara uku ya koyi noma da lissafi a zama ɗaya.

Rubuta asara kamar yadda kake rubuta riba. Shafin kashin da ya mutu ya fi na wanda ya yi kyau koyarwa, in an faɗi gaskiya a cikinsa. A shekarar farko littafin zai zama kamar ƙarin aiki ne kawai, a ta biyu za ka fara buɗe shi kana dubawa, a ta uku kuwa, in gardamar bakin fadama ta tashi a kan ranar yafin bara, kai ba za ka ɗaga murya ba. Za ka zaro littafi daga leda, ka buɗe shafin Gabas 2, ka karanta musu ranar.